Yadda Ake Dawo Da Ƙarfin Ciki Bayan Aikin Ƙaba, Daga Ranar Farko Har Komawa Ɗaukar Kaya

Ranar da aka sallame ni bayan aikin ƙaba abu biyu kacal aka faɗa min, kar ka ɗauki kaya mai nauyi, ka dawo bayan sati biyu a duba ɗinki. Shi ke nan fa. Ba wanda ya nuna min yadda zan tashi daga kan gado ko abin da zan yi in atishawa ta taso min, balle a zo maganar yadda cikin da aka yanka zai dawo da ƙarfinsa. Na yi kusan wata guda ina tafiya a duƙe kamar mai neman allura, ko dariya tsoron yi nake, sai da bayana ya fara ciwo fiye da wurin aikin sannan na je wajen mai fisiyo, wato ma'aikacin lafiya mai gyara jiki ta hanyar motsa shi, a nan na gane ashe kwanciyar da nake ganin ita ce kiyayewa ita ke ƙara kashe min jiki. To abin da na koya a can da wanda na bi na karanta daga baya shi zan shimfiɗa a nan daki-daki. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin rubutu amma har da mata nake, musamman masu ƙabar cibiya bayan haihuwa ko wadda ta ɓullo a tabon tiyatar haihuwa.

Kafin mu shiga, likitan da ya yi maka aikin shi ya ga cikinka, shi ya san girman ramin da ya toshe da abin da ya toshe shi da shi. In maganarsa ta saɓa da lokutan da zan ambata, tasa za ka bi, ba ja.

Fara da sanin wane irin aiki aka yi maka

Ƙaba dai rami ne ko wuri mai rauni a bangon ciki wanda hanji ko kitse ke leƙowa ta nan. Wadda ta fi yawa ita ce ta mara, can gefen matsematsi, wadda in ta yi nisa take gangarawa cikin maraina har a riƙa ce mata gwaiwa, ana ƙiyasta cewa wajen kashi 27 cikin 100 na maza za su gamu da ita a rayuwarsu, mata kuwa wajen kashi 3. Sai ta cibiya, da ta saman cibiya, da kuma wadda ke fitowa a tabon wata tsohuwar tiyata, wannan ta ƙarshen ita ta fi rigima.

Gyaran ma kala-kala ne. Akwai na yanka inda ake shimfiɗa raga ta zaren roba a kan wurin, hanyar da ke ɗauke da sunan likita Lichtenstein na Amurka, wadda ta bazu tun ƙarshen shekarun 1980. Akwai na ɗinke naman da kansa hawa-hawa babu raga, irin hanyar Shouldice ta Kanada. Akwai kuma na huji da kyamara, inda ake ƙananan huji kamar uku a sa ragar ta ciki. Me ya sa na kawo duk wannan, saboda wanda aka yi wa ƙaramar ƙabar mara ta huji da wanda aka buɗe masa tsakiyar ciki aka gyara ƙatuwar ƙabar tabo ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gyaran ƙabar mara da aka fitar a 2018 cewa ta yi mutum ya koma harkokinsa na yau da kullum da zarar ya ji jikinsa zai iya, amma a babbar ƙabar tsakiyar ciki likitoci da yawa na hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 5 har sati 6 ko fiye. Saboda haka tambayi likitanka abu uku kafin ka bar asibiti: an sa raga ko ba a sa ba, kilo nawa zan iya ɗagawa, har zuwa yaushe.

Sannan ka san yadda nama ke warkewa, don shi ne dalilin duk tsarin nan. Kwanakin farko kumburi ne da zafi, jiki na share wurin. Daga nan zuwa sati uku yana zuba wani sinadari mai suna kolajin kamar ana zuba siminti, amma ɗanye ne, a sati na uku ƙarfin tabon bai fi kashi ɗaya cikin biyar na asalin naman ba duk da cewa fata ta rufe tas har kana ganin ka warke. Sai wajen wata uku yake kai wa kusan kashi 80, kuma a nan yake tsayawa, ba ya komawa ɗari bisa ɗari. Ita ma ragar ba ranar da aka sa ta take kamawa ba, nama ne ke tsirowa ta cikin idanunta a hankali har su zama abu ɗaya. To kolajin ɗin nan yana jeruwa ne ta inda ake ɗan ja shi, in ba motsi sai ya cukurkuɗe ya yi tauri, in an ja da ƙarfi kuma ya ɓalle. Tsakanin waɗannan biyun aikin fisiyo yake.

Cikin naka kuma ka ɗauke shi kamar gwangwani. Murfin sama shi ne tantanin numfashi da ke ƙarƙashin huhu, gindin shi ne tsokokin ƙasan mara masu riƙe fitsari, bangon kuma tsoka ce hawa-hawa, ta can ciki ita ce wadda ta zagaye ka a kwance kamar ɗamara, sai biyu na gefe masu karkacewa, sai doguwar ta gaba da 'yan jim, masu zuwa gidan motsa jiki, ke alfahari da ita. Ta can cikin nan mai kamar ɗamara ita ce ke yin barci bayan tiyata saboda zafi, kuma ita za mu fara tasa, ta gaban mai kwalliya ita ce ta ƙarshe.

Mataki na 1: satin farko

Nan ba a maganar atisaye tukuna, koyon zama da tashi ne kawai, amma wallahi shi ya fi komai amfani.

Tashi daga gado. Kar ka yunƙura kai tsaye daga rigingine. Lanƙwasa gwiwoyinka ɗaya bayan ɗaya, tafin ƙafa a kan katifa, ka mirgina gefe gaba ɗayanka kamar gungumen itace, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, sai ka zuro ƙafafu ƙasa a lokacin da kake tura jikinka sama da gwiwar hannu da tafin ɗaya hannun, kana fitar da iska ta baki. Zauna ɗan jim kafin ka miƙe don jiri. Kwanciya ma haka, ka bi ta baya-baya. Wannan za ka yi ta yi har sati 6, ni har yau haka nake tashi, ya zame min jiki.

Tari da atishawa da dariya. An auna matsin da ke cikin ciki a lokacin ayyuka daban-daban aka ga tari da tsalle na cikin waɗanda suka fi kowanne, sun ma fi ɗaga kaya matsakaici. Amma kar ka danne tarin, bayan allurar barci majina na taruwa a ƙirji, barinta na iya jawo ciwon huhu. Abin da za ka yi, ajiye ƙaramin filo ko tawul a naɗe kusa da kai kullum, da ka ji ya taso ka danna shi a kan wurin aikin da hannu biyu, ka ɗan sunkuya gaba sannan ka saki.

Numfashi. Kwanta rigingine, filo a ƙarƙashin gwiwa, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a gefen haƙarƙarin ƙasa. Shaƙi iska ta hanci a hankali ka ji haƙarƙarin na buɗewa gefe da gefe, cikin na ɗan tashi, ƙirji kuwa ya zauna lafiya, sai ka fitar ta baki kamar mai hura abu mai zafi, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Sau 5 zuwa 10, kusan kowace awa in kana farke. Da mai fisiyo ta ce min wannan ne atisayen farko har raina shi na yi a zuciyata, na ce numfashin da nake yi tun da aka haife ni, ashe tun bayan aikin da saman ƙirji kaɗai nake yinsa saboda tsoron motsa cikin.

Tafiya. Tun ranar aikin ko washegari, in likita bai hana ba. Minti 5 a cikin gida, sau huɗu ko biyar a rana, kullum ka ɗan ƙara minti biyu-uku, zuwa ƙarshen sati na biyu mutane da yawa na kai minti 20 zuwa 30 a lokaci guda. Yi ƙoƙarin miƙewa sosai ko da wurin na ɗan ja. In kana kwance kuma ka riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa sau 20 a kai a kai, wannan da tafiyar su ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa.

Bayan gida. Kar ka ji kunyar wannan maganar, nan ne mutane da yawa ke wahala. Magungunan zafi masu ƙarfi irin su tramadol da kodin na busar da ciki, ga rashin motsi, sai mutum ya kwana uku bai zaga ba ya je yana yunƙuri da dukkan ƙarfinsa a kan sabon ɗinki. Sha ruwa sosai, ci kayan lambu da 'ya'yan itace, in ya ƙi ka nemi likita ya rubuta maka mai tausasa shi tun da wuri. In a kan masai na zama kake, ɗora ƙafafu a kan ɗan abu gwiwa ta fi ƙugu tsawo, dafa wurin aikin, ka riƙa fitar da iska a hankali maimakon ka kulle numfashi.

Belet ɗin ciki da ake ba wasu bayan babban aiki, yana rage zafi kuma yana ba mutum ƙwarin gwiwar tafiya, amma ba shi ke gina tsoka ba. Sa shi iya lokacin da aka ce, kar ya zama abin jingina na watanni.

Mataki na 2: tada tsokar can ciki, daga sati na 2

Nan zan daɗe kaɗan don in ka kuskure wannan duk na gaba aikin banza ne.

Kwanta rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, gwiwoyi a lanƙwashe. Lalubo ƙasusuwan ƙugun nan biyu da suka ɗan turo ta gaba, matsar da yatsunka kamar faɗin yatsa biyu zuwa ciki da ƙasa kaɗan. In ɓangaren da aka yi aikin yana zafi ka taɓa ɗaya ɓangaren kawai. Shaƙi iska. Yayin da kake fitarwa, ja ƙasan mararka ciki a hankali kamar kana son zuge zif ɗin wando da ya ɗan matse ka, ko kamar kana so ƙasusuwan nan biyu su matso kusa da juna. Abin da za ka ji a ƙarƙashin yatsa shi ne wani ɗan tauri mai zurfi da ke zuwa a hankali kamar an ja zane, ba wani abu da zai turo yatsan waje da ƙarfi ba. In ya turo, ka yi da ƙarfi da yawa, tsokar saman ce ta karɓe aikin, saki ka sake. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinka ya isa. Riƙe sakan 5 kana ci gaba da numfashi, saki gaba ɗaya, huta, maimaita sau 8 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana. Bayan 'yan kwanaki ka kai shi sakan 10.

Kurakuran da na yi da kaina: na riƙa zuƙe ciki gaba ɗaya har haƙarƙari ya fito kamar mai ɓoye tumbi a hoto, na riƙa matse ɗuwawu, kuma ina riƙe numfashi ban sani ba. Dabarar da ta warware min ita ce ƙirga lambobi da ƙarfi, in kana iya ƙirga ɗaya zuwa goma da murya ba tare da ta shaƙe ba to kana numfashi.

Haɗa shi da na ƙasan mara, wato ka ɗan ɗago ciki kamar mai riƙe fitsari da tusa a lokaci guda, a hankali, sannan ka saki sarai. Su biyun tare suke aiki, mutane da yawa ma ta nan suke samun ta cikin ta amsa. Maza ma na yi, ba na masu jego kaɗai ba ne. Amma kar ka riƙa gwadawa a lokacin da kake fitsarin gaske.

In wannan ya zauna sai ka ƙara karkata ƙugu: a wannan kwanciyar, fitar da iska, ja marar, ka manna ƙasan bayanka da shimfiɗa a hankali, riƙe sakan 3, koma. Sau 10. Daga nan ka fara gwada jan marar a zaune, a tsaye, da kuma dab da za ka tashi daga kujera, don manufar ita ce ta koyi kamawa da kanta kafin kowane yunƙuri.

Ma'aunin da za ka riƙa bi daga nan har ƙarshe

Ɗauki zafi daga 0 zuwa 10. Ɗan ja ko nauyi da bai wuce 3 ba, wanda ya lafa kafin washegari, ba komai. Suka mai kaifi, ko zafin da ya kwana ya tashi da kai, ko kumburin da ya ƙaru, alamar ka zarce ce, huta kwana ɗaya ko biyu ka koma matakin baya. Abu na biyu, kalli cikinka lokacin da kake yi, in ka ga tsakiyarsa ya yi tozo ya turo sama kamar kunyar gona, ko wurin aikin ya ɓullo, wannan motsin ya fi ƙarfinka a yanzu. Na uku, duk motsin da ba za ka iya yi ba sai ka kulle numfashi, lokacinsa bai yi ba. Kuma kar ka sha maganin zafi mai ƙarfi don ka samu ka yi atisaye, zafin ƙararrawa ne, kashe ta ka yi.

Mataki na 3: sati na 3 ko na 4 zuwa na 6

Yanzu za a fara ɗora wa cikin nauyi, kuma nauyin farko ƙafarka ce. Duk a rigingine, duk da jan marar nan, duk ana fitar da iska a lokacin wahalar.

Zamar da diddige: miƙe ƙafa ɗaya a hankali diddigen na jan ƙasa, dawo da ita, bayanka kar ya ɗago ya yi baka. Sau 8 kowace ƙafa. Sai buɗe gwiwa: bar gwiwa ɗaya ta faɗi gefe a hankali, ɗaya ɓangaren ƙugun kar ya biyo ta, ka ɗauka an ɗora maka kofin ruwa a mara ba ka so ya zube. Masu ƙabar mara su bi wannan sannu don yana jan wurin kai tsaye. In waɗannan biyun sun zama wasa sai ɗaga ƙafa ɗaya, gwiwa a lanƙwashe, har cinya ta miƙe sama, sauke, ɗaga ɗayar, kamar mai maci a kwance. Ƙafa ɗaya fa, ɗaga biyu lokaci guda ba na yanzu ba ne.

Sai gada: matse ɗuwawu, ɗaga ƙugu sama har ya yi layi ɗaya da gwiwa da kafaɗa, riƙe sakan 3, sauko a hankali, sau 10. Da farko ɗaga rabi ma ya isa. Sai tashi da zama daga kujera ba dafawa, sau 10, wanda a ganina ya fi rabin atisayen da ake yi a kwance amfani don shi kake yi a rayuwa. Keken motsa jiki na tsaye wuri ɗaya ba tare da an ɗaure shi da nauyi ba yana da kyau a wannan lokacin, iyo kuwa sai ciwon ya rufe ruf babu ɓawo.

Yi su zagaye ɗaya ko biyu, kwana huɗu ko biyar a sati. Duka bai fi minti 15 ba.

Tabon ma yana buƙatar hannu. In ya rufe sarai, ba ruwa ba ɓawo, likita kuma ya amince, shafa ɗan mai marar turare ka riƙa murza fatar gefensa da kansa da kan yatsa, zagaye, sama da ƙasa, gefe da gefe, minti 3 zuwa 5 a rana, don kar fata ta manne da naman ƙasa. Za ka ji wani tudu mai tauri a ƙarƙashin tabon kamar an sa fensir, wannan tudun warkewa ne, yana narkewa cikin watanni. Fatar ƙasan tabon ko ta saman cinya ta ciki na iya yin dindiris saboda ƙananan jijiyoyin da ke ratsa wurin, yawanci yana raguwa.

Mataki na 4: sati na 6 zuwa na 12

Je ka ga likita tukuna ya ce bismillah. In ya ba da dama to yanzu ne ginin gaske.

Fara da rarrafe: hannu da gwiwa a ƙasa, baya a shimfiɗe kamar tebur, ja marar, miƙa hannu ɗaya gaba, dawo, miƙa ƙafa ɗaya baya, dawo. In ba ka tangaɗi sai ka haɗa hannun dama da ƙafar hagu tare, riƙe sakan 5. Sannan wanda ake ce wa mataccen ƙwaro saboda kamannin da mutum ke yi, rigingine, hannaye sama, gwiwoyi biyu a ɗage, sauke diddige ɗaya ya taɓa ƙasa ya dawo, baya na manne. Wannan ya fi yadda ake ganinsa wuya, sau 5 mai kyau ya fi sau 20 da baya a bankare.

Filanki kuma, wato riƙe jiki a miƙe kamar katako kana dogare da gwiwar hannu, hawa-hawa ake binsa. Jingina da bango da gwiwar hannu, jiki a miƙe, sakan 15 zuwa 20. Bayan sati ɗaya ka sauko kan tebur mai ƙarfi, sannan ƙasa a kan gwiwoyi, sannan cikakke a kan yatsun ƙafa, kowane hawa sai ka iya sakan 30 kana magana kuma ciki bai zubo ba kafin ka wuce. Na gefe ma haka, daga gwiwa ake farawa. Ni dai ban ga amfanin riƙe shi minti uku ana karkarwa ba, gara sakan 20 sau huɗu masu tsafta.

In kana da robar motsa jiki, ɗaura ta a jikin ƙofa daidai ƙirji, tsaya ta gefe, riƙe da hannu biyu a ƙirjinka, tura gaba ka hana ta juya ka, riƙe sakan 3, dawo. Wannan na koya wa tsokokin gefe aikinsu na asali, wato hana jiki murɗewa ba shiri.

Shi kuwa sitof ɗin da kowa ke tunawa in an ce atisayen ciki, wato tashi zaune daga rigingine a koma, da ɗaga ƙafafu biyu a miƙe, da murɗa jiki riƙe da ƙarfe, su ne na ƙarshe a layi, bayan wata uku in ma za a yi, kuma za ka iya samun ciki mai ƙarfi ba ka taɓa yin ko ɗaya ba.

Mataki na 5: komawa ɗaukar kaya

Ba a tashi daga kilo 5 a faɗa kan kilo 50 rana ɗaya don kalanda ta ce sati shida ya cika. Koyi duƙawa tukuna hannu wayam: ware ƙafa, tura ɗuwawu baya, lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe. Matso da kayan jikinka sosai, ja marar, fara fitar da iska sannan ka ɗaga, in za ka juya ka juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Ruwa ne ma'auni mafi sauƙi tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, fara da lita 5, ɗaga daga kan kujera zuwa tebur sau 8, daga baya daga ƙasa, kowane sati ka ƙara kilo 1 ko 2 muddin ma'aunin zafin nan bai koka ba. Ƙara da tafiya riƙe da kaya a hannu biyu, sannan a hannu ɗaya ba tare da ka karkace ba, taku 20 zuwa 30.

Mai aikin zama kan koma bayan sati 1 ko 2, mai aikin ƙarfi sati 4 zuwa 6 ko fiye, kuma gara ya roƙi a fara ba shi marar nauyi. 'Yan jim su fara da ƙasa da rabin abin da suka saba. Tuƙi sai ka daina shan maganin da ke sa barci kuma kana iya taka birki da ƙarfi farat ɗaya ba tare da ka ji tsoron zafi ba, gwada a mota a tsaye tukuna. Masu ƙananan yara, zauna yaron ya hau cinyarka da kansa maimakon ka sunkuya ka sure shi. Kwanciyar aure ba ta da wata rana ta musamman, in zafi ya lafa a bi a hankali. Gudu da ƙwallo sai ka iya tafiya da sauri minti 30 da ɗan tsalle a wuri ɗaya ba ciwo.

Abin da ke dawo da ƙaba sau da yawa ma ba atisaye ba ne. Taba na hana kolajin yin ƙwari ga tarin da take jawowa, ƙiba na danna bangon ciki dare da rana, suga da ba a saita ba na jinkirta warkewa, haka tsohon tari da taurin bayan gida da yunƙurin fitsari ga masu matsalar mafitsara. In akwai ɗaya daga ciki a nemi maganinsa tare da atisayen.

Lokacin da za ka ajiye komai ka nufi asibiti

Kumburi mai laushi a inda ƙabar take a makonnin farko sau da yawa ruwa ne ya taru a gurbin, yakan tsotse da kansa, amma a nuna wa likita, kar ka matsa kar ka huda. Ɓacin launin fata da ɗan kumburin maraina bayan aikin mara shi ma ana gani. Waɗanda ba a jira da su: zazzaɓi da ya kai digiri 38, ciwon ya yi ja yana zafi yana fitar da mugunya ko ya buɗe, kumburi mai tauri mai tsananin zafi da ba ya komawa, amai tare da kumburin ciki ba bayan gida ba tusa, kasa yin fitsari, zafi mai tsanani a maraina, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, ko numfashi ya riƙa yankewa da ciwon ƙirji.

In kuma wata uku ya wuce kana jin ƙuna ko suka kamar lantarki a mara ko cinya, kusan mutum ɗaya cikin goma na samun ciwo mai daɗewa bayan aikin ƙabar mara, galibi jijiya ce ta harzuƙa, koma wajen likitan ka faɗa masa daidai inda yake da motsin da ke tada shi, ka kuma nemi ya tura ka wajen mai fisiyo.